Tarihin Moliyar, Ɗan Mai Shimfiɗar Sarki Da Ya Zama Sarkin Ban Dariya Na Faransa

Duk wanda ya yi karatun sakandare a Jamhuriyar Nijar, ko Cadi, ko Kamaru, ba ya rasa jin sunan Moliyar, wanda Faransawa ke rubutawa Molière. Fataken da ke zirga-zirga tsakanin Ikko da Kwatano ma, in sun tambayi 'yan bokon can, za su gaya musu cewa harshen Faransanci kansa ana yi masa kirari da harshen Moliyar. Shi kuwa wannan mutum bai taɓa mulkin gari ba, bai ja rundunar yaƙi ba. Ɗan wasan kwaikwayo ne mai ba da dariya, wanda ya rasu tun 1673, aka kuwa binne shi da dare gama manyan coci ba su yarda a yi masa jana'iza da rana ba.

Abin da ya hana sunansa mutuwa shi ne irin mutanen da ya zuba cikin wasanninsa. Da wuya a sami mutumin kirki tsantsa a cikinsu, ko mugu tsantsa. Mai gaskiyarsa yana da girman kai, mugunsa yana da jaruntaka, wawansa kuwa wani lokaci sai ya ba mai kallo tausayi. Shi kansa Moliyar haka rayuwarsa ta kasance, kamar yadda mai karatu zai gani.

ASALINSA

An haife shi a birnin Faris, aka yi masa baftisma ran 15 ga Janairu, 1622, a wani coci da ke kusa da babbar kasuwar birnin. Sunansa na ainihi Jan-Batis Fokalan. Ubansa mai hali ne, sana'arsa yin katifu da labule da kujeru. A 1631 uban ya sayi muƙamin mai shimfiɗar sarki daga hannun ɗan'uwansa, gama a Faransa ta wancan zamani irin waɗannan muƙamai saye ake yi, a kuma gada. Aikin ya yi kama da na Kilishi a fadojin ƙasar Hausa, watau kula da gadon sarki da shimfiɗunsa, wata uku a kowace shekara.

Uwarsa ta rasu a 1632, yana ɗan shekara 10. Uban ya sa shi a Kwalejin Kilarmon, makarantar 'ya'yan manya, inda ya koyi Latin, ya karanta wasannin ban dariya na Romawan da. A 1637 aka rantsar da shi magajin ubansa a muƙamin fada. Hanya ta miƙe ke nan: ga kanti, ga muƙami, ga ilmi.

KURKUKUN BASHI

Amma yaro ya kamu da son wasan kwaikwayo, sana'ar da a lokacin ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Cocin Katolika na Faransa yana ganin 'yan wasa batattu ne, ba a yi musu addu'ar ƙarshe sai sun furta cewa sun tuba sun bar sana'ar. Duk da haka, a farkon 1643, yana da shekara 21, ya karɓi libar 630 daga gadon uwarsa, libar kuwa shi ne kuɗin Faransa na lokacin, ya bar wa ƙanensa maganar muƙami. Ran 30 ga Yuni na wannan shekara shi da wata 'yar wasa mai suna Madelen Bejar, da 'yan'uwanta, da waɗansu abokai, suka sa hannu a takardar kafa ƙungiyar wasa. A shekarar da ta biyo ne ya fara sa hannu da sunan Moliyar.

Suka yi hayar wani ɗakin wasan ƙwallo suka mai da shi gidan wasa. Kasuwa ta ƙi. A Faris akwai manyan ƙungiyoyi biyu da suka riga suka kama gari, su kuwa sababbin shiga sai bashi ke hawansu. A watan Agusta, 1645, aka kulle Moliyar a kurkuku saboda bashi, ciki har da na mai sayar musu da kyandir, gama da kyandir ake haska dandali a lokacin. Bai daɗe a ciki ba aka tsaya masa ya fito, amma zaman Faris ya ƙare.

SHEKARA 13 A KAN HANYA

Shi da Madelen suka shiga wata ƙungiya mai yawo, suka yi shekara 13 suna bin garuruwan kudancin Faransa, yau a Liyon, gobe a Tulus, jibi a Bodo. A nan ya koyi abin da makaranta ba ta koyarwa. Ya zauna da 'yan kasuwa, da lauyoyin ƙauye, da barori, da likitocin kasuwa, ya ji yadda kowa ke magana. Ya kuma zama shugaban ƙungiyar, ya fara rubuta mata wasanni.

A 1653 suka sami ubangida, Yarima Konti, ɗaya daga cikin manyan dangin sarki, saurayi mai son shagali. Bayan 'yan shekaru Yariman ya tuba, ya rungumi ibada, ya janye sunansa daga ƙungiyar a 1657, daga baya ma ya rubuta littafi sukutum yana la'antar wasan kwaikwayo. Moliyar ya ga da idonsa yadda mai ba ka abinci jiya kan zama mai neman kanka yau, kuma da sunan addini.

Ran 24 ga Oktoba, 1658, ƙungiyar ta sami damar yin wasa gaban Sarki Luwi na 14 a fadar Lubur. Sarkin yana ɗan shekara 20. Suka fara da wasan ban tausayi, sa'an nan Moliyar ya nemi izni ya ƙara da wani ɗan gajeren wasan barkwanci a kan likita mai soyayya. Sarki ya yi dariya, ya ba su ɗakin wasa a kusa da fada, ƙanen sarki ya zama ubangidansu. A 1659 wasansa a kan waɗansu 'yan mata biyu masu ƙaryar wayewa ya cika gida, tun daga nan sunansa ya kama Faris.

Burinsa na farko dai shi ne ya zama gwanin wasan ban tausayi, wanda shi ne mai daraja a lokacin. Ya gwada wani wasa mai nauyi a 1661, mutane suka ƙi zuwa. Dole ya koma ga ban dariya, amma sai ya kwashi nauyin da ya so ya zuba a can ya zuba shi a nan.

TSOHO DA YARINYA

Ran 20 ga Fabrairu, 1662, Moliyar yana da shekara 40 ya auri Armand Bejar, yarinya 'yar wajen shekara 20, wadda ta tashi a hannun Madelen cikin ƙungiyar. Wata goma bayan auren, ran 26 ga Disamba, ya fito da wasan Makarantar Mata.

Jigon wasan wani mutum ne, Arnolf, ɗan shekara 42, wanda ba abin da yake tsoro a duniya kamar mace ta ci amanarsa. Saboda haka ya ɗauki wata yarinya, Anyes, tun tana shekara 4, ya kai ta gidan mata masu ibada, ya ce a rene ta cikin jahilci, don in ta girma ya aure ta ba ta san kowa ba sai shi. Ana gab da aure sai wani saurayi ya gan ta a bisa bene, suka so juna. Saurayin ɗan abokin Arnolf ne, bai kuwa san ko wane ne mai tsaron yarinyar ba, sai ya riƙa zuwa wurin Arnolf yana ba shi labarin duk dabarar da ya shirya.

Har nan mai kallo dariya yake yi wa azzalumi da ke faɗawa ramin da ya haƙa. Amma a kashi na biyar sai abu ya juya. Arnolf ya gane cewa ashe son yarinyar yake yi da gaske. Ya durƙusa, ya yi roƙo, ya ce zai tsige gashin kansa, zai bar ta ta yi abin da ta ga dama. Ita kuwa ta gaya masa ba da mugunta ba cewa duk maganarsa ba ta taɓa zuciyarta ba. Ya fita daga dandali ko magana ya kasa yi. Laifinsa bai ragu ba, amma mai kallo ya ga mutum yana shan azaba.

Moliyar da kansa ya fito a matsayin Arnolf, watau ango ɗan shekara 40 ya tsaya gaban jama'a yana kwaikwayon tsoho mai kishi. Maƙiyansa suka sami abin faɗi. Shekara guda ana ta rubuce-rubuce, ana cewa wasan batsa ne, ya kuma yi wa wa'azi ba'a. Wani ɗan wasa na ƙungiyar da ke gasa da su ya kai ƙara gaban sarki cewa Moliyar ya auri 'yar tsohuwar farkarsa. Sarki bai kula ba. Ya riga ya yanka masa libar 1,000 a shekara, da aka haifi ɗansa na fari a 1664 kuma sarki ya yarda ya zama uban yaron wurin baftisma. Yaron bai cika shekara ba ya rasu.

RIGIMAR TARTUF

Ran 12 ga Mayu, 1664, a wani babban biki a fadar Bersai, Moliyar ya nuna kashi uku na wasan Tartuf. Labarin wani mayaudari ne da ya shiga rigar ibada. Wani attajiri, Orgon, ya tarar da shi a coci kullum yana durƙushe yana addu'a da nishi, ya kawo shi gida, ya mai da shi mai ba shi shawara a kan komai. Wata rana Orgon ya dawo daga tafiya, baranya tana gaya masa matarsa ta yi zazzaɓi mai tsanani, shi kuwa ba abin da yake tambaya sai lafiyar baƙonsa, wanda ya kwana da cikinsa cike da naman fakara da cinyar rago.

Orgon ya tashi auren 'yarsa da saurayin da ya yi wa alkawari, ya ce Tartuf zai ba. Ɗansa ya kama Tartuf yana neman matar gida, ya gaya wa uban. Tartuf bai yi musu ba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce shi mai zunubi ne, ya fi kowa lalacewa, a yi masa duk hukuncin da aka ga dama. Gaskiya ya faɗa, amma Orgon ya ɗauke ta a kan tawali'u, ya kori ɗansa, ya rubuta wa Tartuf gida da dukiya duka. Sai da matar ta ɓoye mijinta ƙarƙashin tebur ya ji da kunnensa sa'an nan ya farka, a lokacin kuwa gidan ya riga ya zama na wani.

Tartuf dai Musa ne a baki, Fir'auna a zuci, wannan ba gardama. Amma mai lura zai ga ba ya bayyana a dandali sai kashi na uku, kuma Moliyar bai ɗauki matsayinsa ba, ya ba wani. Shi Orgon ya ɗauka, gama a nan ne ciwon yake. Orgon ba mutumin banza ba ne. Wasan ya nuna ya yi wa sarki biyayya da ƙarfin hali lokacin yaƙin basasa, ibadarsa kuma ta gaskiya ce. Sai dai ya sami daɗin abu guda: tun da baƙon ya zo, duk abin da ya ga dama yakan yi wa iyalinsa ya ce don Allah ne. Da asiri ya tonu kuma bai yi hankali ba, sai ya rantse daga yau ya ƙi duk masu ibada, har surukinsa ya tsawata masa cewa ya bar wannan iyaka ya faɗa waccan. Uwarsa tsohuwa kuwa ta ƙi yarda da abin da ya gani da idonsa, watau ta yi masa abin da ya yi wa 'ya'yansa.

Sarki ya ji daɗin wasan, amma ya hana a nuna shi ga jama'a. Akwai wata ƙungiyar asiri ta masu tsananin addini, cikinta har da manyan alƙalai da Yarima Konti, wadda tun kafin bikin ta shirya a danne wasan. Babban limamin Faris, wanda shi ya karantar da sarki yana yaro, ya sa baki. Wani limamin unguwa ya buga takarda yana cewa Moliyar shaiɗan ne cikin siffar mutum, ya cancanci a ƙone shi. Su ma masu sukar ba duka ne munafukai ba. Waɗansu tsoronsu shi ne, tun da mai ibadar ƙarya da mai ta gaskiya kalmominsu ɗaya ne, in aka saba yi wa na farko dariya ba za a bar na biyu ba. Moliyar ya amsa a rubuce cewa aikin wasan ban dariya shi ne gyara halin mutane ta hanyar nishaɗi, munafunci kuwa ba shi da wata alfarma da za ta sa a ƙyale shi.

Shekara biyar ana wannan ja-in-ja. Ran 5 ga Agusta, 1667, sarki yana fagen yaƙi a arewa, Moliyar ya sake wa wasan suna, ya tuɓe wa mayaudarin baƙar riga ya sa masa kayan 'yan birni, ya nuna shi sau ɗaya. Kashegari shugaban babbar kotun Faris ya hana. Bayan 'yan kwanaki babban limami ya yi shela cewa duk wanda ya yi wasan, ko ya karanta, ko ya saurara, an kore shi daga coci. Moliyar ya aiki 'yan wasansa biyu da takardar kuka har sansanin sarki, suka dawo hannu banza. Sai ran 5 ga Fabrairu, 1669, aka saki wasan. A daren farko aka tara libar 2,860, abin da ƙungiyar ba ta taɓa samu ba.

Wasan da aka saki yana ƙarewa ne da ɗan sandan sarki ya zo ya kama Tartuf, ya mayar wa Orgon gidansa, ya kuma yi doguwar magana yana yabon sarki mai gane munafuki daga nesa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin da ya tona asirin masu daɗin baki, shi ma da daɗin baki ya tsira a fada. Wanda ya duba da kyau kuma zai ga cewa ba don hannun sarki ya sauko ba, da mayaudari ne ya ci.

MUGU MAI ƘARFIN ZUCIYA

A cikin shekarun hanin, ƙungiya tana bukatar abin da za ta ci, sai ya fito da Don Juwan ran 15 ga Fabrairu, 1665. Don Juwan basarake ne mai yaudarar mata, ba ya tsoron Allah, ba ya biyan bashi, ba ya ganin girman ubansa. A cikin daji ya gamu da wani matalauci, ya ce zai ba shi zinariya in ya yi saɓo. Matalaucin ya ce gara ya mutu da yunwa. Don Juwan ya miƙa masa kuɗin duk da haka. Nan take ya hangi mutum uku sun tarar wa mutum ɗaya, ya zare takobi ya je ya cece shi, ashe wan matar da ya yaudara ne, wanda ke nemansa ya kashe.

Mai kare addini a wasan kuwa baransa ne, Siganarel, matsoraci mai camfi, wanda in ya fara kawo hujja sai ya rikice. A ƙarshe ƙasa ta tsage ta haɗiye ubangidan, baran kuwa ba abin da yake wa kuka sai albashinsa da ba a biya ba. Moliyar ne ya fito a baran. Tun daga dare na biyu aka datse maganar matalaucin, bayan an yi wasan sau 15 aka ajiye shi, ba a kuwa buga shi ba sai bayan rasuwarsa. Duk da haka a watan Agusta na wannan shekara sarki ya mai da ƙungiyar tasa, da libar 6,000 a shekara.

MAI GASKIYAR DA BA A IYA ZAMA DA SHI

Wasan da masana suka fi yi wa kallon gwaninta shi ne Mai Ƙin Mutane, na ran 4 ga Yuni, 1666. Alses mutum ne da ya rantse ba zai faɗi abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Ya tsani gaisuwar ƙarya da yabon fuska. Wani bafade ya karanta masa waƙar da ya yi, ya nemi ra'ayinsa, Alses ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya ce waƙar ba ta da kyau, aka yi ƙararsa. Yana da shari'a a kotu, gaskiya tasa ce, amma ya ƙi zuwa gaida alƙalai kamar yadda aka saba, har ma yana fatan a kayar da shi don ya sami hujjar zagin duniya. Aka kuwa kayar da shi.

Wannan mai gaskiya kuma wadda yake so ita ce Selimen, bazawara 'yar shekara 20, mai kaifin baki, mai tara samari tana yi wa kowa murmushi, in ya juya baya ta yi da shi. Da wasiƙunta suka tonu, samari suka watse, Alses ya ce ya yafe mata in za ta bi shi su bar mutane su koma inda ba kowa. Ta ce za ta aure shi, amma ba za ta binne kanta tana shekara 20 ba. Ya ƙi, ya fita shi kaɗai, abokinsa Filan mai haƙuri da sassauci ya bi bayansa ko zai shawo kansa.

To, wa ke da gaskiya? Abin da Alses ke faɗi a kan fada da kotu duk haka yake. Amma gaskiyarsa gauraye take da son a ce shi daban ne, da kishi, da son mallakar mace ita da ranta. Filan ya iya zama da mutane, sai dai sassaucinsa ya kusa zama rashin damuwa da zalunci. Selimen mai fuska biyu ce, amma yarinya ce mai tsaron 'yancinta a cikin mazan da kowa ke so ya kulle ta. Moliyar ya fito a Alses, matarsa Armand ta fito a Selimen, wasan ya ƙare ba a ce ga wanda ya ci ba. Bayan shekara 92, a 1758, mashahurin marubuci Ruso ya zargi Moliyar da cewa ya ɗauki mutumin kirki ɗaya tak da ke cikin wasan ya mai da shi abin dariya. Har yau 'yan wasa sun kasu biyu, waɗansu na nuna Alses abin tausayi, waɗansu abin dariya.

MAROWACI DA 'YA'YANSA

A 1668 ya yi Marowaci. Arpagon ya binne zinariyarsa a lambu, yana hana dawakinsa abinci, yana neman auren yarinyar da ɗansa ke so. Ɗan kuwa ya je cin bashi da ruwa mai tsanani ta hannun dillali, yana ba da tabbacin cewa ubansa ya kusa mutuwa, sai aka haɗa shi da mai ba da bashin, ashe uban ne. Kowa ya zagi ɗan'uwansa, kowa kuwa da gaskiyarsa. Rowar uba ta mai da 'ya'ya maƙaryata, bara ɓarawo. Da aka sace akwatin kuɗin, tsohon ya fito yana ihu kamar wanda aka yi wa mutuwa, ya cafke hannunsa da kansa yana tsammani ɓarawo ne. Jama'a na dariya, amma abin da ke gabansu tsoho ne da ba shi da masoyi a duniya sai akwati.

A wannan shekara ce kuma Moliyar ya ranta wa ubansa libar 10,000 don gyaran gida, ya bi ta hannun wani abokinsa, sunansa bai fito a takardar ba. Uban ya rasu a 1669. Amma mai wannan kirki shi ne kuma wanda a 1672 ya ɗauki wani tsohon malami mai suna Kotan, wanda suka yi saɓani, ya kwaikwaye shi a dandali, ya sa aka karanta waƙoƙinsa na ainihi jama'a na ƙyaƙyatawa, har mutumin ya zama abin nuni a gari.

ƘARSHENSA

Shekarar 1672 ta zo masa da nauyi. Madelen, abokiyar tafiyarsa ta shekara 30, ta rasu ran 17 ga Fabrairu. Wani ɗa da aka haifa masa ya rasu yana jariri. Luli, makaɗin fada wanda suka yi wasanni da yawa tare, ya sami izni daga sarki ya mallake harkar wasan kiɗa da waƙa, aka rage wa sauran ƙungiyoyi yawan makaɗa.

Wasansa na ƙarshe shi ne Mai Ciwon Zato, wanda aka fara ran 10 ga Fabrairu, 1673. Argan lafiyarsa lau, amma ya tabbata ciwo zai kashe shi, har yana so ya aurar da 'yarsa ga wani likita dolo don ya sami mai duba shi a gida. Cikin wasan Moliyar ya sa Argan ya ambaci sunan Moliyar ya tsine masa saboda ba'ar da yake yi wa likitoci, ya ce da shi likita ne da ya bar shi ya mutu ba magani. Shi ne kuwa ke fitowa a Argan, ga ciwon ƙirji yana cinsa.

Ran Jumma'a 17 ga Fabrairu, ranar wasa na huɗu, jikinsa ya tsananta. Wanda ya fara rubuta tarihinsa a 1705 ya ce an roƙe shi ya huta, ya ƙi, saboda ma'aikata hamsin da abincinsu na ranar ya dogara ga wasan. Ya yi wasan har ƙarshe, aka ɗauke shi zuwa gida, tari ya sarƙe shi, jini ya ɓalle. Aka aika kiran limamin coci, biyu suka ƙi zuwa, na uku ya iso an riga an gama. Ya rasu wajen ƙarfe 10 na dare, yana da shekara 51, shekara guda daidai bayan Madelen.

Tun da bai furta barin sana'arsa ba, cocin unguwa ya ƙi binne shi. Armand, wadda gari ya daɗe yana yi da ita, ita ta tsaya, ta kai kuka ga babban limami da sarki. Aka yarda a binne shi, amma da dare, ba da wani biki ba. Daren 21 ga Fabrairu abokansa suka raka gawar da fitilu a hannu. 'Yarsa ɗaya ce ta rayu ta girma, ita ma ba ta bar baya ba.

A 1680 sarki ya haɗa ƙungiyarsa da wata ya kafa gidan wasan ƙasa na Faransa, wanda har yanzu yana aiki, ana kuma kiransa Gidan Moliyar. Wasanninsa, sama da 30, sun ƙetare teku. Wasan da ake lissafawa na farko a wasan kwaikwayon Larabawa na zamani, wanda Marun Naƙƙash ya shirya a Bairut a 1847, daga Marowaci ya samo tushe. A Masar kuma Muhammad Usman Jalal ya juya Tartuf zuwa Larabcin Misirawa a 1873, ya sa masa suna Shaihu Matluf. A 2022 Faransa ta yi bikin cikarsa shekara 400 da haihuwa.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Moliyar ya yi shekara 30 yana hawa dandali, kuma kusan kullum matsayin wanda za a yi wa dariya yake zaɓa wa kansa: tsoho mai kishi, uba mai taurin kai, bara matsoraci, mai gaskiya mai girman kai. Kujerar da ya zauna a kai a wasansa na ƙarshe tana nan a Gidan Moliyar cikin akwatin gilashi, kowace ranar 15 ga Janairu kuma 'yan wasan gidan sukan jeru a dandali su gaishe shi.